Inuwar Kadaura da Inuwar Kwano: Tarken Hoton Makaranta a Adabin Hausa

Gabatarwa

Da wuya a sami jigon da marubutan Hausa suka yi wa hidima kamar jigon ilmi. Tun daga waƙoƙin malaman jihadi har zuwa littattafan da ake sayarwa a bakin kasuwa yau, an yabi ilmi, an yi masa kirari, an kushe jahilci har an gaji. An kira ilmi gishirin zaman duniya, an kira shi fitila, an kira shi garkuwa. Ɗalibin adabi zai iya cika kundi guda da irin wannan adon harshe. Amma idan aka ce ya nemo benci ɗaya a cikin waɗannan rubuce-rubuce, ko taga mai murfi, ko masai, ko randar ruwan sha, zai daɗe yana lalube.

Wannan maƙala tarke ce a kan wannan giɓi. Hujjarta ita ce adabinmu ya so ilmi amma bai tsaya ya dubi makaranta ba. Ya ɗauke ta tamkar ruhi marar gangar jiki, ya ɗora laifin jahilci a kan uba mai taurin kai da yaro malalaci, har ya kasa ganin yadda ake rabon kayan karatu tsakanin 'ya'yan ƙasa ɗaya. Za a auna wannan hujja da wani yanki takamaimai, wato tsakiyar Jihar Zamfara, daga birnin Gusau zuwa Tsafe da Bungudu da garuruwa irin su Rawayya, inda 'yar tafiya kaɗan ke iya raba yaron da ke karatu a kan benci da wanda ke yin sa a kan turɓaya, alhali hukuma ɗaya ke da makarantun biyu.

Gadon makarantar allo

Wannan rashin gani yana da asali. Ƙasar Zamfara ta san karatu tun kafin zuwan Bature. 'Yandoto, wadda ke ƙasar Tsafe, ta yi suna a matsayin matattarar malamai tun kafin jihadin 1804, Gusau kuma almajirin Shehu Usmanu ne, Malam Sambo Ɗan Ashafa, ya kafa ta. Karatun wancan zamani, wanda har gobe ake yi a zauruka da tsangayu, yana da nasa kayan aiki: allo, tawada, alƙalami, buzu ko tabarma, da wutar ƙirare da ake hurawa da dare. Abin lura shi ne duk waɗannan kaya suna kusa da hannun talaka. Masassaƙin gari ke sassaƙa allo, da gawayi da ƙaro ake haɗa tawada, daga gamba ake feƙe alƙalami, almajirai kuma su ke yo ƙirarensu. Allon ɗan sarki da na ɗan manomi ba su da wani bambanci na a zo a gani. A irin wannan makaranta, idan yaro bai yi karatu ba akwai gaskiya a ce laifinsa ne ko na iyayensa, domin in dai akwai malami, abin da ya rage shi ne naci. A kan wannan ne Bahaushe ya gina tunaninsa cewa mai nema yana tare da samu.

Makarantar boko ba haka take ba. Tana bukatar bugaggen littafi, da taswira, da sinadarai, da madubin duba ƙwayoyin cuta, da ɗaki mai rufi da zai ɗauki yara masu yawa a lokaci guda. Babu uban da zai sassaƙa wa ɗansa madubin duba ƙwayoyin cuta, babu ɗalibin da zai yo sinadari daga daji. Hukuma ke saye, ita ke rabawa, rabon kuwa bai zo daidai ba tun ranar farko. Makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da 'ya'yan sarakuna da malamai aka fara ta. Kwalejin Katsina da ta biyo baya a farkon shekarun 1920 zaɓaɓɓu kaɗan take ɗauka daga duk Arewa, makarantun midil kuma a manyan biranen larduna aka kafa su. Yaron ƙasar Zamfara da ya taki sa'ar wuce elementare, Sakkwato zai nufa.

Marubutanmu na farko a boko sun ratso waɗannan makarantu biyu. Sun tashi da tunanin makarantar allo, inda himma ce komai, sannan suka shiga zaɓaɓɓun makarantun gwamnati masu ɗakin kwana da abinci da littattafai. Babu ɗaya daga cikin biyun da ta nuna musu makarantar da aka rubuta sunanta a takarda amma aka bar ta ba rufi. Don haka da suka ɗauki alƙalami, suka rubuta abin da suka sani.

Uba mai laifi

A farkon shekarun 1950 Gwamnatin Arewa ta tayar da gangamin Yaƙi da Jahilci, aka kafa hukumar NORLA a Zariya don samar da abin karantawa, har kowane lardi ya sami jaridarsa; ta Lardin Sakkwato, wanda Gusau ke cikinsa a lokacin, ita ce Zaruma. Adabin wannan zamani adabin kira ne. Marubuci malami ne, mai sauraro kuma uba ne da ake zaton yana ɓoye ɗansa a rumbu kada a kai shi boko. Mu'azu Haɗeja, wanda shi kansa malamin makaranta ne, ya rubuta waƙar “Ilmin Zamani” a kan wannan turba. Tsarin irin waɗannan waƙoƙi ɗaya ne: a jero fa'idodin ilmi, a jero aibobin jahilci, a rufe da gargaɗi. Tsari ne da aka aro daga waƙar wa'azi, inda akwai Aljanna, akwai wuta, kuma zaɓi yana hannun mai sauraro. Matsalar wannan aro ita ce ƙofar tuba a buɗe take ga kowa a ko'ina, ƙofar makaranta kuwa sai inda aka gina ta.

Ba za a yi wa waɗannan magabata adalci ba idan aka ce kiransu bai dace da lokacinsu ba. A lokacin iyaye da yawa suna ƙin boko da gaske, kuma dagatai kan sha wahala kafin su cika adadin yaran da aka ɗora musu. Abin zargi shi ne salon ya wuce zamaninsa ya zauna daram. Bayan shirin ilmin firamare kyauta na 1976, lokacin da yaran da suka fito suka zarce ajujuwan da aka tanada, tambayar ta sauya daga “wa zai kawo ɗansa?” zuwa “ina za a zaunar da shi?” Adabinmu bai bi wannan sauyi ba. Har yau idan aka ce ɗalibi ya rubuta waƙa a kan ilmi, uban nan na 1950 zai sake tonowa ya yi masa faɗa.

Misalai biyu za su nuna yadda kyakkyawan rubutu ke komawa abin takaici idan aka karanta shi a inda babu kayan da ya ɗauka akwai su. Na farko shi ne Wasan Marafa na Abubakar Tunau, ɗan Talatar Mafara, wanda ke cikin wasannin kwaikwayo na farko da aka buga da Hausa. Jigonsa tsabta ne da kiwon lafiya, yana kuma nuna ilmin makaranta a matsayin maganin ƙazanta da cututtukan da take jawowa. Wasan ya yi aikinsa. Amma sai mai karatu ya auna a ransa malamin da zai koyar da shi a makarantar da ba ta da masai ko rijiya, inda yaro zai ji darasin wanke hannu sannan ya zaga bayan aji. A nan wasan ya zama shaida a kan hukuma, ba tare da marubucinsa ya nufi haka ba.

Na biyu shi ne waƙar Aƙilu Aliyu mai suna “Kadaura Babbar Inuwa”, inda sunan kaɗai ya isa ya nuna gwanintar mawaƙin wajen siffanta ilmi da itace mai yalwar inuwa. Siffantawa ce mai kyau, domin inuwar itace ba ta zaɓen wanda za ta rufa. A nan kuma raunin hoton yake. Ilmin boko ba ya tsirowa da kansa kamar itacen daji, ba kuma kowa ke shiga inuwarsa don ya ga dama ba. Ga yaron da iskar farkon damina ta yaye kwanon ajinsu, aka mayar da su gindin darbejiya, inuwar itace ta daina zama adon harshe. Ita ce ajin, kuma da hadari ya taso an tashi.

Ceto yana birni

Ƙagaggun labarai sun fi waƙa kusantar rayuwa, don haka a nan ya kamata a sami makaranta da jikinta. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu yana cikin littattafan da suka fi ƙarfin murya a kan karatun 'ya mace. An cire tauraruwar labarin, Abu, daga makarantar ƙauyensu, aka yi mata auren dole da Sarkin Noma, ta gudu birni, ta yi karatu, ta zama abin kwatance. Littafin ya yi jarunta wajen fuskantar auren dole a lokacin da ba kowa ke iya furta maganar ba. Sai dai idan aka dubi zubinsa, za a ga duk shingayen da ke gaban Abu mutane ne: uba, miji, masu zuga. Da zarar ta tsallake su, makaranta na nan tana jiran ta cikakkiya. Kuma wannan cikakkiyar makaranta a birni take. Labarin ya faɗi gaskiyar da bai tsaya ya tattauna ba, wato ceton 'yar ƙauye sai ta bar ƙauye.

A ɗaya gefen kuma akwai Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ke gargaɗin saurayin ƙauye kada ƙyalƙyalin birni ya ruɗe shi ya bar gida. Idan aka ajiye littattafan biyu kusa da juna, za a ga adabinmu yana ce wa ɗan ƙauye abu biyu masu karo da juna: ka nemi ilmi, kuma kada ka tafi inda kayan ilmin suke. Babu wanda ya yi tambayar da ke tsakanin su, wato me ya sa kayan suke can ba nan ba.

A mafi yawan littattafan soyayya da suka biyo baya, makaranta wurin haɗuwa ce kawai. A bakin ƙofarta saurayi ke tsayar da mota, a cikinta ƙawaye ke ƙulla shawara. Marubucin da zai kwashe shafi biyu yana bayyana falon Alhaji, da kujerunsa da labulensa da sanyin na'urarsa, idan ya zo aji sai ya ce “suna cikin aji” ya wuce. Ashe ba iya siffanta ɗaki ne ya gagare mu ba, ɗakin da muka ga ya cancanci siffantawa ne muka zaɓa.

Abin da ke ƙasa

Yanzu sai a juya ga abin da adabin ya tsallake. Sashe na 18 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati alhakin samar da damar ilmi wadatacciya kuma daidai wa daida ga kowa, sai dai yana cikin babin da tsarin mulkin da kansa ya hana a kai ƙara kotu a kansa. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta mayar da karatun shekara 9 na farko kyauta kuma dole, ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin asusun Gwamnatin Tarayya don tallafa wa jihohi ta hannun hukumar UBEC, da sharaɗin jiha ta kawo nata rabin kafin ta karɓa. An sha ba da rahoton biliyoyin naira da ke kwance a hukumar saboda jihohi ba su kawo nasu kason ba. Wannan doka ta tanadi hukunci ga uban da bai kai ɗansa makaranta ba: gargaɗi a karon farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata 1 a karo na biyu, tarar naira 5,000 ko ɗaurin wata 2 daga nan. Uban nan na waƙoƙinmu ya shiga doka da sunansa da hukuncinsa. Manufar ilmi ta ƙasa kuma ta ce malami 1 ga ɗalibai 35 a firamare, adadin da malamin ƙauye da na unguwannin talakawan Gusau za su ji su yi murmushi.

A Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996, sakamakon wannan tsari ya fito fili a alƙaluma. A jerin makin shiga kwalejojin haɗaka na Gwamnatin Tarayya na 2013, an nemi maki 139 daga ɗan Jihar Anambara, aka nemi maki 4 daga ɗa namiji na Zamfara, 2 daga 'ya mace. A 2018 aka ba da sanarwar cewa yara 28 kacal suka yi rajistar wannan jarrabawa daga jihar baki ɗaya. An yi ta yi mana dariya da waɗannan alƙaluma, masu sharhi kuma suka koma ga tsohon bayani, wai mutanen nan ba sa son boko. Ba a cika tambayar a wane irin aji yaran suka shekara 6 ba. Rage maki ba ya mayar wa yaro littafin da bai taɓa riƙewa ba. A Nuwamba 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilmi, wanda hakan amincewa ce daga hukuma kanta cewa ɓarnar ta kai inda ta kai.

Amma alƙaluman jiha suna ɓoye wani bambanci na cikin gida. Gusau na da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta mata, da Kwalejin 'Yan Mata ta Tarayya, da ma'aikatar ilmi da hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha, inda ake rubuta kwangila. Duk wanda ya bi titin Gusau zuwa Tsafe ta Kwatarkwashi, ko na Gusau zuwa Bungudu, ya san makarantar bakin kwalta ita ke fara samun fenti, domin ita manya ke gani ta gilashin mota. Da an sauka daga kwalta aka shiga burji, sai lissafi ya sauya. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Sabon gini yana da allon sanarwa da bikin buɗewa, gyaran kwanon da ya yaye ba shi da ko ɗaya. Garin da ke da ɗa a majalisa ko a ma'aikata yana da mai tuna wa hukuma da shi. Ɗan kwangila ya fi son inda tifa za ta shiga, mai duba aiki ya fi son inda zai je ya dawo kafin la'asar. Masu yanke shawara kuma da yawansu 'ya'yansu suna makarantun kuɗi, ba su da wanda zai dawo gida da ƙura a wando ya ba su labari.

Kowane ɗaya daga cikin kayan da ake rasawa yana da aikin da yake yi a karatu. Yaron da ke rubutu a kan cinyarsa ba zai daidaita hannu kamar mai teburi ba. Ajin da ba taga ba ƙofa, hunturu ke tashinsa da safe, awaki su kwana a cikinsa da dare. Makarantar da ba masai, 'ya mace ce ke fara barin ta, musamman idan ta fara girma, sai a rubuta a rahoto cewa al'ada ce ta cire ta. Inda ba rijiya, yara kan tafi neman ruwa a lokacin tara su ƙi dawowa. Daga ƙarshe kuma duk a tara su a gaban takarda ɗaya. Hukumomin WAEC da NECO ba su da tambayar ɗan birni daban da ta ɗan ƙauye. Gwajin kimiyya a aikace ɗaya ne ga wanda ya saba da ɗakin gwaje-gwaje da wanda a kan allo kawai ya ga zanen kwalbar. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kan kwamfuta ake yin ta. Ɗalibin Rawayya ko na ƙauyukan Tsafe da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba zai biya kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa, ya zauna kusa da wanda ya tashi da ita a gida, a ba su lokaci ɗaya, sannan a kira sakamakon cancanta.

Katanga

A shekarun nan an ƙara wani abu a jerin kayan makaranta wanda magabata ba su taɓa tunani ba, wato katanga da ƙofa da mai gadi. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talatar Mafara, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki, gwamnati ta rufe makarantun kwana. Ranar 1 ga Satumba na wannan shekara aka sace ɗalibai 73 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙasar Maradun, aka rufe makarantun jihar. A Satumba 2023 aka shiga gidajen ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bungudu. Nijeriya ta sa hannu a Yarjejeniyar Kare Makarantu ta 2015, har ta karɓi baƙuncin taronta na duniya a Abuja a Oktoba 2021.

Rashin tsaro ya ninka tsohon bambancin. Idan aka rufe makarantu, mai hali yakan mayar da ɗansa makarantar kuɗi a Gusau ko Zariya ko Kano, ɗan talaka kuma ya koma gona. Malamin da ke da hanya yakan nemi a dawo da shi cikin gari. Iyalan da suka gudo daga ƙauyuka sukan ƙara cunkoso a ajujuwan gari, wani lokaci ma a cikin ajujuwan suke samun mafaka. Makarantar da ta fi bukatar gyara ita ce wadda ba mai iya zuwa ya duba ta. Wane marubuci ne zai ci gaba da yi wa uban Jangebe faɗa a kan ƙin boko, bayan shi ne ya kai 'yarsa makarantar kwana da hannunsa?

Uzurin da za a kawo

Za a iya cewa gini ba shi ne ilmi ba, malami nagari a gindin itace ya fi malalaci a cikin bene. Akwai gaskiya a nan, kuma makarantun almajirai na zamani da Gwamnatin Tarayya ta fara buɗewa a Gagi ta Sakkwato a 2012 sun nuna haka, domin da yawansu an gina su da kyau aka bar su ba kulawa. Amma wannan uzuri ba a taɓa kawo shi a kan 'ya'yan masu kawo shi ba. Ba wanda ya ce tunda malami ne komai, a cire kujerun makarantar ɗansa. Kuma malamin nagari shi ma mutum ne, yana bukatar allo da alli da wurin zama da masai, inda babu su kuwa ba ya daɗewa.

Za a kuma iya cewa ƙidayar benci aikin ɗan jarida ne da mai binciken kuɗi, adabi ya fi ƙarfin wannan. Amsar tana cikin gidanmu. Ibrahim Narambaɗa ya yi wa doki guda waƙa sukutum, “Dokin Iska Ɗanhilinge”, ba wanda ya ce ya ƙasƙantar da fasaha. Ɗan Anace ya sa mun ga Shago a fagen dambe, Kassu Zurmi ya sa mun ga mafarauta da 'yan tauri da kayan aikinsu, Ɗan Maraya Jos ya ɗauki ƙaramin ma'aikaci irin karen mota ya sa shi a bakin duniya. Mawaƙan baka, waɗanda da yawansu daga wannan yanki suka fito, sun san abu ba ya zama a zuciyar mai sauraro sai an kira shi da sunansa an nuna kamanninsa. Rubutaccen adabinmu ne, da ya zo kan makaranta, ya saki wannan ido ya kama wa'azi.

A wasu ƙasashe an gwada an gani. A Amurka, Jonathan Kozol ya fitar da littafinsa Savage Inequalities a 1991, inda ya zaga makarantun gwamnati na unguwannin matalauta da na masu hali yana bayyana rufi mai yoyo da ban-ɗakin da ya toshe da kuɗin da ake kashe wa kowane ɗalibi, littafin kuma ya shiga muhawarar ƙasar. A Afirka ta Kudu, matsin lambar ɗalibai da iyaye ya sa gwamnati ta fitar da ƙa'idojin ginin makaranta a 2013, waɗanda suka fayyace ruwa da wuta da masai da kowace makaranta za ta samu. Mutuwar wani yaro ɗan shekara 5 da ya faɗa masan makarantarsu a lardin Limpopo a Janairu 2014 ta kai hukuma gaban kotu. A duka wuraren biyu, magana ta yi tasiri ne da aka sauko da ita daga “ilmi” zuwa rufi da masai. Ko muradun ci gaba na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 sai da suka ware wa gine-ginen makaranta sashe na musamman a ƙarƙashin muradi na 4.

Kammalawa

Wannan maƙala ta bi hoton makaranta a rubutacciyar waƙa da wasan kwaikwayo da ƙagaggen labari, ta nuna cewa an gaji hoton ne daga makarantar allo da waƙar wa'azi, inda himmar mutum ke yanke hukunci, aka ɗora shi a kan makarantar boko, inda rabon hukuma ke yanke shi. Sakamakon haka adabinmu ya daɗe yana tuhumar wanda ya fi kowa rauni a cikin lamarin, ya bar mai rabo ba tambaya. Kuma abin da adabi ya saba wa mutane da shi, shi suke ɗauka gaskiya, har mai tsara doka da mai sharhi a rediyo.

Ba ana neman marubuci ya zama ɗan kwangila ba ne, ko ya mayar da labari rahoton ofis. Abin da ake nema shi ne idan ya shigar da tauraronsa aji, ya gaya mana a kan me ya zauna, su nawa ne a ɗakin, me ke samansu, ina yarinyar da ke kusa da shi take zuwa idan ta matsu, wa ya karɓi kuɗin kwanon da bai iso ba. A cikin waɗannan tambayoyi akwai taurari da rikici da ban dariya da ban tausayi da suka ishi littafi: hedimastan da ke rubuta takardar koke ta goma, kwamitin iyaye da ke karo-karon buhun siminti, yaran da ke rige-rigen zuwa da sassafe don benci uku ne a ajin. Mu da muka yi karatu a irin waɗannan ajujuwa a ƙasar Bungudu da Tsafe da bayan garin Gusau muka fito da digiri, ana yawan nuna mu a matsayin hujjar cewa mai himma ba ya rasawa. Mu ne kuma muka san sunayen abokan karatunmu da suka fi mu ƙwaƙwalwa, waɗanda ruwan sama ya tashi ajinsu ba su sake dawowa ba. Labarinsu ne ba a rubuta ba tukuna, kuma a wuyanmu yake.